Wa Ke da Inuwar Bakin Titi a Goron Dutse?

A takardar kwangilar titi kowane abu da farashinsa. Akwai kuɗin ƙasar da za a kwashe, da na jar ƙasar da za a zuba, da tsakuwa, da kwalta, da rodi, da simintin lambatu, har da fentin da za a ja layi da shi. Bishiyar bakin hanya ma tana ciki, sai dai a ƙarƙashin sharar fili ake samunta, wato cikin abubuwan da za a biya ɗan kwangila ya kawar. A wannan lissafi, tsamiyar da ta shekara sittin mutane suna zama a gindinta aji ɗaya take da kututture da tarin bola. In an bar ta babu wanda ya ci riba, in an sare ta akwai wanda za a biya. Duk wanda ya san yadda aikin kwangila ke tafiya ya san inda wannan lissafi zai ƙare. A ganina daga nan ɓarnar ta samo asali, kuma a nan ya kamata a nemi gyaranta, tun kafin a kai ga bikin dashen itatuwa da ake yi kowace damina.

Na ɗauki Goron Dutse ne domin a nan abin ya fi fitowa fili. Unguwar tana cikin badala ta yammacin birni, a ƙaramar hukumar Gwale, kuma dutsen da ta ci sunansa, ɗan'uwan dutsen Dala, shi ke ɗauke da tankunan ruwa da dogayen ƙarafan sadarwa. Da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya tarar da fili mai yawa a cikin ganuwa wanda babu gini a kansa, sai gonaki da wuraren kiwo. Da gangan magabata suka zagaye gonaki da ganuwa, saboda in abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya a sami abin kaiwa baka. Wannan filin ne jama'a suka cinye da gidaje a ƙarnin da ya wuce, titin Aminu Kano ya ratsa ta ciki, yana kwasar motoci daga wajen Gadon Ƙaya da Tal'udu zuwa ɓangaren Gwammaja. Ke nan Goron Dutse ba irin Mandawari ko Yakasai ba ce, inda lungu ya riga mota zuwa da ɗaruruwan shekaru. Nan akwai ɗan sarari, kuma inda akwai sarari akwai zaɓi.

Dubi abin da ya kewaye ta cikin shekaru goma sha biyar ɗin nan. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, a zangonta na 2011 zuwa 2015, ta haƙa gadojin ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, ta kuma fara shimfiɗa titi a kan rafin Jakara. Ta Abdullahi Umar Ganduje ta yi gadar ƙasa a Ƙofar Ruwa. Ta Abba Kabir Yusuf ta ɗauko aikin gadar Tal'udu tare da ta Ɗan'agundi tun farkon hawanta. Gwamnatoci uku da ba su cika shan inuwa ɗaya ba, amma a kan kankare bakinsu ɗaya. Kowace gada da aka buɗe, motocin da ta saki gaba suke yi, su taru a mahaɗa ta gaba. Don haka ko ba yau ba, za a sake duban titin Aminu Kano da ƙananan titunan da ke shiga cikinsa da idon faɗaɗawa, kuma ranar da aka zo da igiyar awo, itatuwan da suka rage a gefe su ne farkon abin da za a shafa wa jan fenti.

Ba na cikin masu ganin aikin titi laifi ne. Wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda cikin dare a lungun da mota ba ta shiga, ko ya ga motar kashe gobara ta tsaya a bakin layi tana kallon hayaƙi, ba zai raina kwalta ba. Haka wanda ruwan Agusta ya taɓa shigar masa ɗaki don babu lambatu a ƙofar gidansa. Masu cewa a bar komai yadda yake galibi daga unguwannin da aka riga aka yi wa titi suke magana. Mutanen Goron Dutse da Sani Mainagge da Kabuga suna da haƙƙin hanya mai kyau kamar mutanen Nasarawa da Bompai, kuma abin lura, waɗancan unguwannin da Turawa suka tsara sun sami kwalta da maɗaci a jere lokaci guda, ba a ce musu su zaɓi ɗaya ba.

Tambayar ita ce, wa ake yi wa titin? Ka tsaya a bakin titin Aminu Kano da ƙarfe ɗaya na rana ka ƙirga. Masu motar kansu, masu rufe gilashi su kunna na'urar sanyi, su ne 'yan kaɗan. Mafi yawa a ƙafa suke, ko a keke, ko a babur, ko suna tsaye suna jiran ɗan sahu: 'yan makaranta da aka taso, mata masu goyo, dattawa masu zuwa masallaci, masu tura ruwa a kura. Ga kuma waɗanda titin ne ma'aikatarsu, mai faci, mai shayi, mai wankin hula, mai gyaran takalmi, mai sayar da rake. Ga waɗannan duka, inuwa wani ɓangare ce na hanyar kanta, kamar yadda kwalta take ga mai mota. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, baƙar kwalta kuma ta fi iskar da ke kanta zafi nesa ba kusa ba, tana riƙe shi ta yi ta saki har bayan isha'i. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa wurin da ke cikin inuwa kan fi wanda rana ke duka sanyi da digiri 11 zuwa 25 a lokacin da zafi ya kai ƙarshe. Wanda ya yi azumin 2024 bai buƙatar a karanta masa alƙaluma. A farkon Afrilun shekarar ne garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma mu da su iskar Sahel ɗaya muke shaƙa.

Kano gari ne da itatuwa suka raɗa wa unguwanninsa suna. Kasuwar Rimi, Durumin Iya, Durumin Zungura, Cediyar 'Yan Gurasa, Kukar Bulukiya, Tsamiyar Boka, Kurna. A yawancinsu yau sai dai ka tambayi tsofaffi inda bishiyar take a da. Sare itace don tsarin gari ma ba sabon abu ba ne a nan. Tarihin Kano ya kawo cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, an sare wata bishiya da ake tsafi a gindinta, aka gina hasumiyar masallaci a gurbinta. Abin da ya ja hankalina a labarin shi ne, fiye da shekara ɗari biyar bayan haka mun san wace bishiya ce, mun san wa ya ba da umarni, mun san dalili. Je ka tambayi dalilin sare darbejiyar da ke bakin layinku bara, da sunan wanda ya sa hannu, ka ga ko za ka sami takarda.

A 2010, lokacin gwamnatin Ibrahim Shekarau, an rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. An yi surutu sosai, hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta nuna rashin amincewarta, jaridu sun rubuta, daga baya aka gina sabuwar ƙofa mai faɗi. Tsohuwar dai ta tafi, amma ta tafi da masu yi mata kuka, domin tana cikin rajista, tana da hukumar da ke da alhakinta. Bishiyar bakin titi ba ta da wannan gatan. In gwamnati ta karɓi gonar mutum, masu ƙiyasi sukan ƙirga mangwaro da ɗorawa da sauran itatuwan amfani, a biya shi diyya, komai ƙanƙantarta. Amma wadda ke gefen kwalta a filin hukuma, ma'aikatar ayyuka tana ganin ta a matsayin cikas, hukumar tsara birane ta KNUPDA hankalinta na kan gine-gine, ma'aikatar muhalli kuma sau da yawa sai bayan an gama zane take jin labari. Mai facin da ya shekara ashirin a gindinta, wanda shi ne ya fi kowa asara, ba shi da ko takardar da zai nuna.

Za a ce ai ana dasa wasu. Gaskiya ne, kuma ba zan raina ba. Kano na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, tana cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 dominsa a ƙarshen 2021, gwamnatin jiha kuma tana shelar dasa miliyoyin itatuwa a damina. Sai dai alƙalumman da ake faɗa na ranar dashe ne. Tsakanin Oktoba da Mayu kusan wata takwas ne babu ruwan kirki, ga awaki, ga yara, ga masu ajiye mota. Abin da ya kamata a riƙa shelantawa shi ne nawa suka ga bazara ta uku. Ko da duk sun rayu, dashe goma ba su maye gurbin babbar bishiya ɗaya a rayuwar wanda ke buƙatar inuwa yau. Darbejiya, duk da saurinta, sai ta ɗauki shekaru kafin mutum ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, maɗaci kuwa wanda ya dasa shi 'ya'yansa yake yi wa. Kuma miliyan ɗaya da aka dasa a Makoɗa ko Ɗambatta, duk da amfaninsu wajen tare hamada, ba su rage wa yarinyar da ke jiran ɗan sahu a Goron Dutse zafin rana da komai ba.

Sannan akwai maganar inda ake dasawa. Sabbin titunanmu sun fi son a ƙawata tsibirin tsakiya, a jera furanni da 'yan itatuwan ado masu kama da dabino, a kewaye su da ƙarfe. Suna kyau a hoto, musamman wanda aka ɗauka daga sama. Amma babu mai tafiya a tsakiyar titi, babu mai jiran mota a can. Wannan ita ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Gefen da mutane ke bi kuwa an shafe shi da intalok daga bakin lambatu har jikin shago, ba a bar ko tafin hannu na ƙasa ba.

Ba mu kaɗai ne muka faɗa wannan rami ba, kuma labarin birnin Sheffield na Ingila ya cancanci injiniyoyinmu su san shi. A 2012 majalisar birnin ta ƙulla kwangilar gyaran tituna ta shekara 25, ta fam biliyan 2.2. A cikin takardun akwai adadin itatuwan bakin titi 17,500 da za a iya sarewa a maye gurbinsu, kusan rabin waɗanda birnin ke da su. An sare fiye da 5,000, da yawansu lafiyarsu ƙalau, laifinsu kawai saiwarsu ta ɗaga dutsen bakin titi ko ta karkatar da layi. Mutanen gari suka yi ta tsayawa a gindin itatuwa, aka kama wasu, aka kai wasu kotu, har aka dakatar da saran a 2018. Binciken da Sir Mark Lowcock ya jagoranta ya fito a Maris 2023, ya ɗora laifi a kan majalisar, ita kuma ta nemi gafarar jama'a a rubuce. Abin da ya fi amfani gare mu shi ne abin da ya biyo bayan dakatarwar. Da aka koma aka duba itatuwan da aka yanke wa hukunci ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi da yawa ɗan gyara kaɗan ya ishe su: a sa siririn dutse, a ɗan lanƙwasa layi, a bar wa saiwa wuri. A Nairobi kuwa, a Nuwamba 2020, sai da Shugaba Uhuru Kenyatta da kansa ya sa baki kafin a bar wani tsohon ɓaure da babbar hanyar birnin ta nufo. An ji daɗi, amma tsarin da sai shugaban ƙasa ya tsoma baki kafin bishiya ɗaya ta tsira, sauran ɗaruruwan da ba su yi suna ba sun tafi ke nan.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba, yawancin itatuwan da aikin titi ke kashewa ba zarto ke kashe su ba. Saiwoyin da bishiya ke sha da su ba su da zurfi sosai, kuma suna bazuwa har su wuce inda rassa suka kai. In aka haƙa ramin lambatu dab da gindi, an datse rabinsu. In katafila ta yi ta kaiwa da komowa a wurin, ƙasa ta daddaƙe, iska da ruwa ba sa shiga. In aka zo aka malala siminti har jikin kututture, an gama da ita. Za ta yi shekara biyu ko uku tana bushewa daga sama, sai guguwar farkon damina ta kayar da ita kan shagon wani, a ce ai ga irinta nan, itatuwan bakin titi haɗari ne. Ɗan kwangila ya daɗe da karɓar kuɗinsa, kuma a takarda bai sare komai ba.

Ban ce kowace bishiya sai an bar ta ba. Wadda ta ruɓe ta ciki, ko ta toshe wa direba gani a mahaɗa, ko ta tsaya daidai inda babu wata hanyar da ruwa zai bi, a sare ta. Darbejiya ma ba waliyyiya ba ce, baƙuwa ce daga ƙasar Indiya da aka shigo da ita zamanin Turawa, kuma masu gini sun san yadda saiwarta ke fasa lambatu da harsashin katanga in an dasa ta a matse. Inda kuma zaɓi ya zama tsakanin bishiya da zauren wani, ni dai zauren zan zaɓa, domin diyyar rusau ba ta taɓa mayar wa mutum unguwarsu da maƙwabtansa ba. Amma a faɗi gaskiya, sau nawa zaɓin yake kaiwa haka? Galibi tsakanin bishiya ne da miƙaƙƙen layin da aka ja a kwamfuta ba tare da an taka wurin ba, ko tsakaninta da wurin ajiye motoci uku. Hannun titi a cikin unguwa bai buƙatar faɗin na hanyar Zariya. Mita uku ya ishi mota, kuma ƙarin faɗi gudu kawai yake ƙara wa direbobi a inda yara ke tsallakawa. Rabin mita da aka rage nan da can shi ne wurin bishiya. Lambatu kuma yana iya kaucewa, ko a rufe shi a bi ta ƙarƙashi a daidai gindin.

Maganar mai mallakar bishiyar kuwa, maƙwabtanmu na Maraɗi sun riga mu gano bakin zaren. Shekara da shekaru ana dasa itatuwa a Nijar suna mutuwa, a lokacin da doka ta mayar da itace dukiyar hukuma, manomi kuma yana ganin barinsa a gona jawo wa kai ma'aikatan gandun daji ne. Daga shekarun 1980 manoma suka fara rainon tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, hukuma kuma ta sassauta, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200, gawo a kan gaba. Birni ba gona ba ne, amma halin ɗan Adam ɗaya ne. A ba mai shayin bakin titi dashe biyu da kejin ƙarfe, mai unguwa ya shaida, a rubuta cewa muddin suna raye ba za a tashe shi daga wurin ba sai da sanarwa da madadi. Ruwan wanke kofunansa kaɗai ya isa ya fitar da su bazara. Ma'aikacin da ke zuwa da tankar ruwa sau ɗaya a mako, in an sami mai, ba zai yi abin da wannan mutumin zai yi ba.

Sauran gyaran a ofis yake, kuma bai buƙatar sabuwar hukuma. Kafin a zana titi, masu awo su sa kowace babbar bishiya a taswira da lambarta da kaurinta, kamar yadda suke sa turakun lantarki da bututun ruwa, waɗanda ba a taɓa su sai an yi lissafin kuɗin matsar da su. Wadda za a sare a rubuta dalili, a liƙa a jikinta da ƙofar mai unguwa makonni kafin ranar. A sa mata farashi mai nauyi da za a cire daga kuɗin aiki in ta mutu, ko da zarto ko da siminti. Kuma tun da dama akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har a ga ingancin aikinsa, a riƙe wani ɓangare har sai dashen da ya yi sun tsallake bazara biyu. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992. Abin da ya rage shi ne a daina ɗaukar ta a matsayin takardar da ake cikewa bayan katafila ta shiga.

A Goron Dutse akwai ƙarin dalili da injiniya ya kamata ya fi kowa damuwa da shi. Ruwan da ya sauka a kan dutsen gangarowa yake yi, kuma kududdufan da ke shanye shi a da an cike yawancinsu an yi gini. Gangaren da babu itace babu ciyawa yana sako ruwa da gudu, haɗe da yashi da tsakuwa, su cika lambatun da aka kashe miliyoyi a kansa, ruwa ya hau kwalta ya kwanta, kwalta kuma ba abin da ke cinye ta kamar kwantaccen ruwa. Kuɗin dasa itatuwa a jikin dutsen da kare su, in da za a yi adalci, daga kasafin gyaran titi ya kamata ya fito.

A 2025 ma'aikatar muhalli ta jihar Kano ta shelanta cewa babu mai amfani da injin zarto sai da lasisi, babu mai sare bishiya sai da izini, kuma wanda ya sare sai ya dasa madadinta. Mataki ne mai kyau, ya kuma dace da masu gawayi da masu sayar da itacen girki. Sai dai a cikin birni, wanda ke kayar da itatuwa ashirin a yini ɗaya ba mai gawayi ba ne, mai riƙe da takardar aikin gwamnati ne. Don haka abin da nake so ma'aikatar ta fitar a ƙarshen kowace shekara shi ne adadin izinin da 'yan kwangilar tituna suka nema, da nawa aka ba su, da nawa aka hana, titi bayan titi. 'Yan majalisar jiha masu wakiltar Gwale da Dala suna da ikon neman wannan lissafi a zauren majalisa, kuma gara su nema tun zanen faɗaɗa titi na gaba bai bar kan tebur ba.